Sunanki a Jikin Ledar Shara

Zuwa ga Chizuru, ɗumin ƙirjina, hazon da ke tashi daga kogi da sassafe, tuffar da ta nuna a reshen da hannuna bai kai ba!

Ina rubuto miki daga cikin motata, wadda ita ce ɗakin kwanana, ita ce kicin ɗina, a inda kika sani, ƙarƙashin itatuwan bakin kogi. Yau kwana tara rana ba ta leƙa solar da ke rufin ba. Batir yana numfashi sama-sama, ruwa saura rabin jarka. Duk na rubuta su a littafina kamar kullum. Abin da alƙalamina ya ƙi rubutawa shi ne ƙarar tagar da kika rufe shekaranjiya da kika hango ni tafe. Wayyo! Ko tsawar da ke sauka a kan duwatsun Nagano ba ta taɓa girgiza ni haka ba.

Kin tuna ranar da na fara zuwa gidan wankan da kike aiki, riƙe da jarkoki biyu, ina roƙon a bar ni in ɗiba a famfon baya? Kika dube ni, kika dubi jarkokin, kika ce, "Nonaka-san, wanka ka zo yi, ko kwashe mana rijiya?" Sannan kika yi dariya. A ranar na rubuta: ruwa lita arba'in, dariya ɗaya. Lita arba'in tana kai ni kwana biyar, amma tun daga nan kullum bayan kwana biyu kike ganina. Ba ki taɓa tambayar ina ruwan yake tafiya ba? Itatuwan da ke kewaye da motata sun fi na dukan dajin kore.

To, ga laifina. Kin fi ni sanin dokar ƙauyenku: ba a ɗaukar shara sai a ledar ƙauye, da sunan gida rubuce a jikinta, mai ƙonewa daban, gwangwani da kwalba daban. Gida mai taya huɗu kuwa ba ya cikin jerin gidaje. Wata biyu muna kwana tare da sharata, ita a wajen ƙafa, ni a wajen kai. Na ɗora ta a rufi, birai suka yi biki. Na sauko da ita, hancina ya nemi ya yi ƙaura ya bar ni. Ranar Talata da safe na ɗauki alƙalami na rubuta sunan gidan da hannuna ya fi sani a duniya: Kuramochi, sunan gidanku. Na so in ce miki hannuna ya yi rawa. Bai yi ba. Ya sha rubuta sunan nan a bayan littafina.

Sau uku na tantance ledar, na rantse miki, ya hasken idona! Amma murfin gwangwanin kifi ɗaya tal ya maƙale a cikin shara mai ƙonewa. Motar shara ta manna mata jar takarda ta wuce ta bar ta. Iya Tomeko, wadda tsaron bola ya faɗo kanta a wannan watan, ta jawo ledar har ƙofarki, ta zazzage ta a gaban maƙwabta. Ina laɓe a bayan shagon shinkafa da jarkata, na ji komai.

"Ke 'yar nan, tun yaushe kika fara aske gemu? Ga reza! Ga safar namiji, huda biyu! Miji kika ɓoye mana a bayan tukunyar ruwan zafi?"

Da a nan ta tsaya, da na gode. Sai ta tsinto takardun da na duƙunƙune, wasiƙu goma sha ɗaya da na fara miki na kasa kai su ƙarshe. Ta sa tabarau, ta gyara murya, ta karanta wa unguwa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Kai, wannan bawan! Shara bai iya rabawa ba, magana bai iya ƙarasawa ba."

Ta yi gaskiya. Wannan ce ta goma sha biyu, kuma ko batir ya mutu sai na ƙarasa ta.

Chizuru, ya garwashin da ake nema ran sanyi, ƙanƙara ta fara fari a kan tsauni, ƙarshen wata za a rufe hanyar dajin nan. Ko dai in juya motata kudu, ko in zauna. Ina zan je? Wane famfo ne a kudu zai zubo ruwa da dariyarki a ciki? Shekarata arba'in da ɗaya, ban mallaki komai ba sai mota mai yoyo da littattafai cike da lissafin jarka, kuma ban tabbata ko da ni ne ke zan amince da ni ba. Amma na yi alkawari zan wanke kowane gwangwani har ya yi ƙyalli, in ɓare takardar kowace kwalba, in riƙa karɓar miki tsaron bola in juyinki ya zo.

Na saci sunanki na safiya ɗaya, na jawo miki kunya. Yanzu roƙonsa nake yi na har abada. Ki ba ni dama mu je ofishin rajistar aure in ajiye Nonaka a can, in shigo gidanki in zama Kuramochi, abin da ke jikin ledar nan ya daina zama ƙarya.

Gobe Juma'a zan zo ɗiban ruwa. In kin yarda, ki rataye mini sabuwar leda a famfon baya, da sunan gida da rubutun hannunki. In na tarar da famfo shi kaɗai, zan cika jarkokina in tafi, ban ƙara damunki ba.

Naki, muddin kogin nan yana gangarowa, ko da leda ko babu,
Nonaka Shigeyuki

In jefar da wasiƙar nan za ki yi, ki yayyaga ta tukuna. Bola tana hannun Iya Tomeko har ƙarshen wata.