Ciwon Bayan da Ya Kai Ni Gaban Anke

Bremen, Jamus

Zuwa ga Goggona Senami,

Ina gaishe ki da ladabi irin na 'yar da kika rena. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida a Bohicon. Na ji daɗi da Yaya Kosi ya ce gwiwarki ta yi sauƙi har kin koma rumfarki a kasuwa. Allah ya ƙara lafiya, amma don Allah ki bar wa yara ɗaukar buhun gari.

Ni ma lafiyata ƙalau, kuma na fara sabawa. Da safe nakan ɗora Merle, babbar 'yar gidan da nake aikin reno, a keke in kai ta makaranta, in dawo in zauna da ƙaninta Lasse mai shekara biyu, da yamma kuma in tafi ajin koyon Jamusanci. Burodi mai sanyi da suke ci da daddare ya daina ba ni haushi, duk da cewa ranar Asabar sai na tuƙa tuwon masara hankalina yake kwanciya. Abin da har yau bakina ya kasa shi ne kiran matar gidan da sunanta tsirara. Takan yi dariya ta ce in bar “Madam” ɗin nan, sunanta Anke, ita ba tsohuwa ba ce.

Ga abin da ya sa na zauna rubuto miki. Tun zuwana Lasse ba ya barcin rana sai na goya shi da zanen da kika ba ni. Anke tana aiki a tashar jiragen ruwa, sau da yawa kafin ta dawo an yi masa wanka. Wata Lahadi muka je shan shayi gidan surukarta, yaron ya zame a matakala ya fasa leɓe. Uwarsa ta taso da gudu ta buɗe hannuwa, shi kuwa ya bi ta gefenta ya zo ya riƙe ƙafata yana kuka, yana nuna bayana. Tsohuwar ta ajiye kofinta ta ce ai yaro ya san mai renonsa. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Daga ranar gidan ya yi sanyi. Ba ta yi mini faɗa ba, gaisuwa ce kawai ta gajarce. Sai Merle ta faɗa mini a kan keke cewa ta ji iyayenta suna shawarar kai Lasse gidan reno na yini guda. Kin san izinin zamana a ƙasar nan da gidan yake ɗaure. In suka sallame ni, karatun jinyar da nake buri ya tafi ke nan.

A cikin wannan damuwa na tuna shekarar da Mama ta dawo daga fatauci a Libreville, na ɓuya a bayanki na ƙi kallonta. Na tuna washegari kin tashi kina dafe da ƙugu, kin ce bayanki ya riƙe, ba za ki iya goyo ba, dole na hau bayan Mama ina kuka har na saba. Sai na ce bari in gwada. Da Anke ta dawo aiki na dafe ƙugu na ce bayana yana ciwo. Goggo, matar nan kafin in rufe baki ta ɗauki waya ta nema mini ganin likita, ta kawo robar ruwan zafi, ta ce laifinsu ne da suka bar ni ina ɗaukar yaro. Kunya ta rufe ni. Na ce ta ajiye wayar, lafiyata lau, na ba ta labarinki daga farko har ƙarshe.

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasan kicin, daga nan dariyar ta koma hawaye. Ta ce mini, “Ba haushinki nake ji ba, Fifame. Tsoro nake kada ya girma yana ganina kamar baƙuwa.” Na ɗauko zanen na ce ta sunkuya, na ɗora mata Lasse a baya. Sau biyu zanen yana kwancewa, yaron yana zillo yana miƙo mini hannu, ni kuma na fita waje na rufe ƙofa don kada ya gan ni. Da na dawo ya yi barci a bayanta, ita kuma ta ƙi zama don kada ya farka. Maganar gidan reno dai ba a sake tayar da ita ba.

Yanzu in ya ji motsin makullinta sai ya sauka daga cinyata ya ruga ƙofa. Abin da na nema ke nan, amma duk lokacin sai na ji wani abu ya soke ni a ƙirji. Shi ya sa nake tunaninki. Ranar da Mama ta tafi da ni Kwatano, na shiga mota ina murna, ban ko waiwayo ba, ke kuma kina tsaye a tasha. Ban san nauyin abin da kika yi ba sai da na ɗanɗana kaɗan daga cikinsa. Na gode, Goggo.

Ki gaishe mini da Kawu Dosu da Yaya Kosi da matarsa Ablawa, da 'yan biyunsu. Ki gaida matan ƙungiyar waƙa ta coci, ki ce su ci gaba da sa ni a addu'a. Anke ma ta ce lallai in gaishe ki, in kuma tambaye ki ya bayan.

Taki har kullum,
Fifame