A Buɗe Ɗakin da Falmata Ta Koyi Kemistiri

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Makarantar Sakandaren unguwarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida malamanka. Ni ne kakan Falmata, tsohuwar ɗalibarku. Da makiyayi ne ni, yanzu ina dillancin dabbobi. Sai da na yi furfura na shiga ajin yamma, don haka da hannuna na rubuta wannan.

Na fara da albishir. Wani kamfanin mai da iskar gas ya ɗauki Falmata aiki a ɗakin gwaje-gwajensa! Ranar da labarin ya zo, matan unguwarmu ta Hausari har guɗa suka yi. Ta yi mini bayanin aikin: ɗanyen mai tare da ruwan gishiri yake fitowa daga ƙasa. Ita ke auna ruwan don kada ya sa bututu tsatsa, kuma ba a zubar da shi sai ta tabbatar ba zai kashe kifi ko dabba ba. Na yi dariya, domin ni ma da harshena nake ɗanɗana rijiya kafin shanu su sha. Ashe gadon gida ta ɗauka, ta ƙara masa ilimi.

Ga kukana.

Na farko, na ɗora rago a keke na kawo wa Malama Rifkatu, wadda ta koya mata kemistiri, don godiya. Maigadi ya ce an yi mata canjin makaranta tun bara, kuma ba a kawo madadinta ba. Haka muka koma gida, ni da ragon.

Na biyu, na leƙa ɗakin gwajin kemistiri na makarantarka ta taga. Karyayyun kujeru aka tara a ciki, ƙofar da kwaɗo. Ranka ya daɗe, a wannan ɗakin aka dasa abin da muke murna da shi yau.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Ƙanwar Falmata, Yagana, tana makarantarka, aikin yayarta take so. An ce mata ta koma ajin da ba na kimiyya ba kafin zangon nan ya ƙare, tunda babu malami. Yarinyar nan ba faɗuwa ta yi ba.

Ina roƙonka ka nema mana malamin kemistiri, ka sa a kwashe kujerun. In masu ɗauka ne babu, zan zo da samarin kasuwarmu. Falmata ta yi alkawarin zuwa ta yi wa ɗalibai bayanin aikinta idan ta samu hutu. Kafin nan, kada a cire sunan Yagana daga ajin kimiyya. Kullum da safe sai ta tambaye ni ajin da za ta shiga, ni kuwa ban taɓa yi wa jikata ƙarya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka ga irin wannan rana a kan naka jikokin.

Wassalam.

Alhaji Jidda,
Hausari, Maiduguri