Riƙon Anisa

Sokode, watan Mayu

Aminiyata Mu'minatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin Dapango, ko ruwa ya sauka muku? Yaya ƙafar nan taki, har yanzu kina shafa mata man kaɗanya kina cewa ta warke? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki yi dariya ki ce Khairiya ta koma zamanin da, ga waya amma tana aiko takarda ta hannun Alassani direba. Wayata kullum tana hannun Anisa, ita ke buɗe mini saƙonni, maganar da zan yi miki kuwa a kanta ce.

Makon jiya ina koya wa 'yan ajin farko na kolej, wato ƙaramar sakandare, sunayen lokutan shekara da Ingilishi. Ke mai koyar da lissafi kin huta, biyu da biyu huɗu ne ko a Dapango ko a Landan. Ni kuwa kowace shekara sai na tsaya gaban allo ina bayanin abin da ban taɓa gani da idona ba. Na rubuta autumn, na ce lokaci ne da ganye ke yin ja ya zube kafin sanyinsu ya shigo. Wani mai baki daga baya ya ce, "Madam, to ai rani ke nan, kaman itacen tek na hanyan Sotubuwa." Wata kuma ta ce yayanta ya gaya mata fall ake cewa, wanne ne gaskiya? Na ce duka biyun. Mutanen Ingila su ce autumn, na Amurka su ce fall, ba cinya ba ƙafar baya. Amma a jarrabawa na littafi za su rubuta, don masu gyaran takarda littafi suka sani.

Sai Anisa ta ɗaga hannu. Kin san a makaranta Madam take ce mini, sai mun koma gida na zama Mma. Ta ce, "Madam, ni fall zan riƙe, don Papa ya ce da fall zai zo ya tafi da ni Amerik."

Mu'minatu, a gaban aji na ji wannan magana, daga bakin yarinya. Na ci gaba da darasi har aka buga ƙararrawa, amma kada ki tambaye ni me na faɗa.

Da na koma gida na kira mahaifinta Jibrilu a Amurka. Ƙanina, wanda na goya, ya ce, "Haba Yaya, na ɗauka za ki yi murna." Wai takardu sun kusa fitowa, wai makarantun can sun fi na nan, wai uwarta Rahma kullum kuka. Bai gaya mini ba ne don kada hankalina ya tashi. Bai gama ba sai da ya roƙe ni in ƙara wa yarinyar Ingilishi kafin a kira ta tambayoyin biza a Lome. Akuyar da za a yanka aka miƙa wa dutsen wasa wuƙa.

Ke shaida ce. A tsakar gidanmu na Dapango, bayan an yaye Anisa, marigayiya Inna ta ɗauke ta daga cinyar Rahma ta ɗora a bayana, don Allah bai ba ni haihuwa ba. Ke kika miƙo majanyi. Baba Yasin ƙanin mahaifinmu yana zaune, shi ya raba goro, shi ya ce, "Taki ce har ɗakin miji." Aka shafa fatiha. Shekara goma ke nan. Ƙyanda a kaina ta yi ta, haƙoranta a hannuna suka zube, kuma da maigidana ya rasu don ita na ƙi koma wa aure.

Abin da nake roƙonki, ki je wurin Baba Yasin ki tuna masa. Shi kaɗai ya rage cikin manya, in ya yi magana Jibrilu ba zai tsallake ba. Ni in na je da kaina bakina zai ɓata abin, kin san halina.

Ga doya nan na ba Alassani, ki ƙirga, don ya iya mantuwa a hanyar Kara. Ki gaida maigida da yara duka.

Taki har kullum,
Khairiya

Sokode, watan Agusta

Mu'minatu 'yar'uwa,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, kuma ruwan da aka ce ya yi ɓarna wajen Mango bai taɓa ku ba. Takardarki ta iso da ƙwan zabin, an gode, Allah ya bar zumunci. Ki yafe jinkirin amsa, hannun ne ya ƙi kama biro.

Na karanta amsar Baba Yasin har na haddace. Wai ɗa na ubansa ne, riƙo amana ce, amana kuwa in mai ita ya zo sai a miƙa masa. Ranar goro ban ji ya ce amana ba. Tun da Jibrilu ya sa masa sola a rufin ɗaki, ɗakin ya yi haske, kan ya yi duhu. Ashe zanen aro na ɗaura shekara goma, ina yawo da shi ina taƙama. Na ji zafin wannan tsoho fiye da na Jibrilu, wallahi.

Ana wata ga wata. Jibrilu ya kira ya ce akwai abin da ya fi Ingilishin ma muhimmanci. Za a tambayi yarinyar wa take zaune da shi. In ta ce tana wurin uwarta a Sokode, alhali takarda ta ce uwarta Rahma ce tana Amurka, magana ta rikice. Su can ba su san riƙo ba, uwa ɗaya suka sani. Don haka in koya mata ta ce aunt, kuma ko a gida ta daina cewa Mma, ta riƙa cewa Gwaggo, don harshenta ya saba.

To, aikin da nake yi da hutun nan ke nan. Bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma, in zama Baturiya, in tambaye ta sunanta, shekarunta, yaushe za ta tafi. Duk tana amsawa tiryan-tiryan, fall ɗin nan har da lanƙwasa harshe irin na ubanta. Sai in nuna ƙirjina in ce wace ce wannan. Makon farko kullum mother take cewa. In buga tabarma in ce a sake. Ran nan ta fashe da kuka ta ce, "Mma, ba ke kin ce kalma biyu yana iya zama abu ɗaya ba?" Na ce wancan na ganyen Turawa ne, wannan biyun ba ɗaya ba ne, ta share hawaye mu ci gaba. Na tashi na shiga madafa na yi ta yanka albasar da ba na bukata.

Na ga shawararki, cewa in bar ta ta je da Mma a bakinta, in ta faɗi shi ke nan, babu mai cewa laifina ne. Kada ki zaci ban auna ba, na auna har na rame. Amma yarinyar tana son tafiyar, Mu'minatu. Na leƙa ɗaki na gan ta sanye da rigar sanyin da uwarta ta aiko, cikin wannan gumi, tana juyi gaban madubi. Kuma tun da na fara koyarwa ban taɓa tura ɗalibi jarrabawa da kuskure a baki ina sane ba. Ba zan fara da tawa ba. In ta faɗi, wata rana za ta gane wa ya kayar da ita.

Yanzu ta iya. Jiya ta kira ni daga bakin rijiya ta ce Gwaggo, ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Na ce mata madalla. Mako mai zuwa za mu Lome, ki sa mu a addu'a, ko da yake ni kaina ban san wace addu'ar nake so ki yi ba.

Gaisuwa ga mutanen gida. Baba Yasin kuwa, in kin gan shi, ba ni na aike ki ba.

Taki,
Khairiya

Sokode, watan Nuwamba

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta yara. Na ji an ba babbar 'yarki makarantar unguwarzoma, Allah ya sa albarka, ya bar miki ita kusa.

Abin da kika ji gaskiya ne. Anisa ta ci, har matar da ta yi mata tambayoyi ta yaba bakinta ta ce wa ya koya mata. Jibrilu ya zo watan jiya, ya yi ƙiba, ya kawo mini turare da jakar hannu. Kwana kaɗan ya yi suka wuce. Na raka su tasha kawai, Lome ban sake zuwa ba. Ta rungume ni ta yi kuka, ni ban yi ba, don ban yarda Jibrilu ya gani ba. Da na dawo, maƙwabciyata Bakotokola, 'yar ƙabilar garin nan, ta leƙo ta katanga ta ce, "Madam, yarinya ya tafi? Yi hanƙuri, Allah shi kawo wani." Ita kaɗai ta yi mini magana kamar an yi rashi, sauran duk barka suke zuwa yi mini, wai 'yata ta tafi Amurka.

Ta aiko hoto tana tsaye cikin ganye, ta ce gaskiya ne, ja yake yi. An koma makaranta, darasin zai sake zagayowa, yanzu ko ba komai ina da abin nuna wa yara. Ribata ke nan.

Sai kuma aikinku na Dapango. Kada ki ce ba ki sani ba, Alassani ya ce ke kika riƙe musu kujerar gaba. Ran Asabar ya tsaya a ƙofar gidana ya sauke wata tsohuwa, da ƙunshin goro, da yarinya 'yar yaye, Saratu, jikar Baba Yasin. Saƙon tsohon shi ne, ya ji ina zaune ni kaɗai, ga wannan ta ɗebe mini kewa, tawa ce har ɗakin miji. Ko kalma ɗaya bai canja ba. Kamar wadda akuyarta ta ɓata aka kawo mata wata.

Na yi niyyar in mayar da su a motar da ta kawo su. Amma yarinyar ta sha hanya, jikinta zafi, tana ta neman nono a rigar tsohuwa, kuma ita ba buhun masara ba ce da za a yi ta lodi ana saukewa. Na karɓe ta. Goron dai na mayar, ki gaya wa Baba Yasin haƙorana ba sa iya tauna irinsa yanzu.

Ta warware, tana cin koko, tana bi na duk inda na sa ƙafa. Ina yi mata wanka, ina goya ta, ba abin da za ta rasa a gidan nan in Allah ya yarda. Yau da safe ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta, ta kama zanena ta ɗago kai ta ce, "Mma." Bakinta ko gama buɗewa bai yi ba. Na durƙusa na kama hannunta na ce a'a, Gwaggo. Ta sake, na sake gyara mata. Wannan tun yanzu zan koya mata, ba sai wani ya bugo waya ba.

Ki gaida maigida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Taki,
Khairiya