Ba Yunwa Ce Ta Ramar da Ni Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka juriya a wurin aiki, Ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau muke. Babbar 'yata ta gama jarrabawa tana taya ni aiki a shagon ɗinki, auta kuwa ya yi tsawo, wandunansa duk sun ɗage. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in buga waya, domin na san idan na ji muryarka a halin da nake ciki zan ɗaga tawa, kuma ban taɓa ɗaga maka murya ba.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma kana cikin waɗanda suka ɓata shi. Ka kira Baban yara ka ce masa in ya kasa riƙe ni ya mayar da ni gida, akwai masu ciyar da ni. Bai gaya mini ba sai da na ga ya ture kwanon abinci, na tsare shi da tambaya. Ka yanke masa hukunci a kan maganar Gwaggo, ni da abin ya shafa ba ka tambaye ni ba. To ga yadda abin yake.

Ka san ni da minshari tun muna gida, har tsokanata kuke yi. Da jiki ya ƙara nauyi sai abin ya wuce wasa. Ina tashi da safe kaina kamar an ɗora masa dutse, bakina a bushe, da rana kuma gyangyaɗi ko ina magana da mutum. Rannan ina kan keke ina ɗinkin rigar wata mata barci ya fizge ni, allura ta shige yatsana ta farce. Baban yara ne ya ɗauke ni zuwa asibiti, kuma shi ya gaya wa likita abin da ni ban sani ba: cewa ina cikin barci numfashina yakan ɗauke ɗif, sai ya girgiza ni sannan in ja iska kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Aka kwantar da ni aka manna mini wayoyi aka auna barcina. Likita ta ce maƙogwarona ne ke toshewa, kitsen wuya na danne hanyar iska, kuma shi ke ta da mini hawan jini. Ta ce in aka bar shi zuciya ce za ta gaji. Ta rubuta mini wata na'ura mai hura iska ta tiyo zuwa abin rufe hanci, in riƙa sawa duk lokacin barci, sannan ta ce in rage ƙiba a hankali.

Mutumin da ka kira ka wulaƙanta, shi ya ƙera wa na'urar ɗan teburi a shagonsa na kafinta, daidai tsayin gado. Shi yake wanke tiyon ya shanya. Da na daina soye-soye da lemon kwalba, shi ma ya daina, duk da ba shi da abin ragewa, ka san shi kamar sandar tsintsiya. Kullum da sassafe muna zagaya filin makarantar bayan layinmu a ƙafa, ina haki ina mita, yana cewa saura kaɗan. Ina cin abinci, Yaya, ina ƙoshi: wake, kifi, ganye, shinkafa daidai cikina. Na ragu sosai, har abin rufe hancin ya yi mini yawa aka sake mini ƙarami, likita ta rage ƙarfin iskar. Rigunana da kaina na tsuke su, ina yi ina jin daɗi. Rabon da in wuni idona biyu a kan keke irin na yanzu har na manta.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo mana kwana biyu. Tun daga bakin ƙofa ta saki jaka ta fashe da kuka, wai an cinye 'yar ƙaninta. Na zaunar da ita na yi mata bayani, tana gyaɗa kai, ashe ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Da ta leƙa ɗaki ta ga na'ura da tiyo sai ta ce irin wannan ake sa wa wanda ya kusa tafiya. Ta shiga kicin ta soya nama ya yi iyo a mai, na ci yanka ɗaya don girmanta na ajiye, ta ce tsoron miji ya hana ni ci. Washegari ta yafa mayafi ta tafi har shagon Baban yara, a gaban masu sayen kujeru, ta ce yana horar da ni da yunwa yana ɓoye wa dangi cutata. Bawan Allah ya ajiye zarto ya ce mata ta yi haƙuri, ya kawo mata kujera. Kafin yamma magana ta zagaye layi. Wata da na shekara ina yi wa ɗinki ta aiko a karɓar mata yadinta, wai ta ji ina da tarin fuka.

Ba a nan ta tsaya ba. Ranar da za ta tafi ta cire tiyon ta cusa a jakarta, wai shi ke tsotse ni. Na neme shi ƙasa da sama ban gani ba, na kwana babu shi, na tashi da tsohon ciwon kan nan da jiri, ban iya zura zare a allura ba. Da na gane, na hau mota na bi ta har gida. Na durƙusa na gaishe ta yadda aka koya mana, sannan na ce mata lokacin da nake barci a zaune ina soke hannuna babu wanda ya yi kuka, kowa cewa yake na samu hutu, sai yanzu da nake numfashi kamar mutane ake mini zaman makoki. Ta miƙo tiyon ba ta dube ni ba, ta ce yaran yanzu ba a gaya musu gaskiya. Na san ƙauna ce ta sa ta, ita ta goye ni, shi ya sa na karɓi tiyon na yi mata sallama. Amma kai, Yaya, ka yi karatu, ka san asibiti. Kai ne ya kamata ka ce mata a tsaya a ji ta bakina.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ba na son ka aiko da komai, ba na son ka zo. Ka kira Baban yara ka ba shi haƙuri da bakinka. Bai ce in gaya maka ba, in ya ji na rubuto ma faɗa zai yi mini. Yana girmama ka kamar wan da suka fito ciki ɗaya, shi ya sa maganarka ta fi ta Gwaggo yi masa ciwo. Da la'asar yake samun sarari a shago. Bayan nan ka kira Gwaggo ka lallashe ta, ta fi jin maganarka. Na'ura kuwa ba zan ajiye ta ba sai ranar da likita ta ce in ajiye, tafiyar safe ma ba zan fasa ba.

Ka gaishe mini da Kawu da Inna in kun yi waya, da takwarata, da 'yan biyu, Allah Ya raya su. Ka gaishe da Anti da kyau, ka ce na ji saƙonta cewa ta saya mini maganin buɗe ciki za ta bayar a kawo. Na gode da kulawa, amma ta zuba wa kajinta, su ake so su yi ƙiba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa, mai fushi da kai amma mai ƙaunarka,
Mai ɗinki