Bencin da Na Ƙi Zama

Zuwa ga Kabtin, malamina a tsaron raga,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan saƙo zai same ka cikin sauƙi, kai da iyalinka a can Italiya. Ni ne Hamisu na unguwar Waziriyya a Jidda, wanda kake kira Amisu don harshenka bai taɓa yarda da sunana ba. 'Yarka ta sanar da mu cewa tsufa ya taɓa maka tunani, ba ka cika gane mutane ba, amma in ana zancen ƙwallo kana murmushi. To ga zancen ƙwallo. Da Hausa na rubuta, za a fassara mata ta karanta maka. Mutanena da ke bibiyata a shafina na sada zumunta su ma su gani, ba komai.

Wani babban kulob ne ya kawo ka Jidda ka horar masa da gololi. Mu kuwa 'ya'yan unguwa ne, haihuwar nan amma da iƙama, takardar zaman baƙi, a aljihu, ba kulob ɗin da zai rubuta sunanmu a lokacin. Wata la'asar motarka ta tsaya a bakin filinmu na ƙasa. Ka fito da gajeren wando, yatsunka a karkace kamar citta, ka tsaya kana kallona ina shawagi a raga. Mako ya zagayo ka dawo. Ka ci gaba da dawowa, ba wanda ya aiko ka.

A gaban mai sayar da ful da tamis, wato wake da burodi, ka ba mu labarinka, da Larabcinka mai ɗingishi. Ɗan mai gasa burodi ne kai, a wani ƙaramin gari na bakin teku. Ka shiga ƙwallo da wuri, ka yi kulob-kulob, amma kusan duk ƙuruciyarka gola na biyu ne kai. Kai ke buga wa na ɗaya ƙwallo ya ɗumama jiki, in an busa usur ka koma benci ka rungume hannu. Wata rana na ɗayan ya ji rauni a wasan da in kun faɗi za a mayar da ku ƙaramin rukuni. Ka shiga, ka kaɗe fenareti, garinku ya ɗauke ka a kafaɗa. Da mako ya zagayo ka koma bencinka. Kullum kana cewa, “Gola na biyu yana wanke safar hannunsa kamar gobe shi zai kama.”

Kabtin, a raina dariya na yi maka ranar. Na ce wannan bawan Allah ya ƙarar da rayuwarsa yana ɗumama wa wani kujera.

Sai gasar unguwanni ta zo, ka zaɓi Usman Dogo, Bahaushen Sudan ɗin nan, ka ce ni in zauna. Ka ce hannuna ya fi nasa, amma ina barin raga da gaggawa, in zauna in kalli wasa daga gefe in koyi jira. Na cire safar da ka ba ni, na ajiye a kan benci, na fita ban waiwaya ba.

Kasuwar Bab Makka na nufa. Na yi dakon yadi a kafaɗa, na yi tsaron shagon wani, har na buɗe nawa. Yau ina da shaguna, ina da gida a unguwar Safa, kuma ba wanda zai buɗe baki ya ce shi ya ɗora ni. Sakandare kaɗai na yi, masu digiri suna yi mini aiki. Ban ce hanyar da na bi ɓata ce ba.

Amma a waccan gasar, Usman ya karya yatsa ana dab da wasan ƙarshe. An ce ka zo kasuwa da rana tsaka, kana bin shaguna da safar nan a leda, kana tambayar ina Amisu. Ba na nan, na kai kaya Makka. Da na dawo aka faɗa mini, na ce zan je in gan ka ranar da zan zo a motata, ba da ƙurar yadi a ka ba. Ɗan baya aka sa a raga, aka yi mana ruwan ƙwallaye. Ranar da na sayi motar, ka riga ka bar ƙasar. Har yau in na wuce wurin da filin yake, wanda yanzu gini ne, sai in rage gudu ban san dalili ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ɗana Faisal gola ne. Zamani ya canja, haihuwar nan ma ana ɗaukarsu, yana cikin matasan wani kulob. An kawo wani an sa a gabansa. Shekaranjiya ya shigo ya wurgar da jaka ya ce, “Halas ya Baba, shi ke nan, ba zan koma ba.” Wallahi har yadda ya ɗaga kafaɗa nawa ne.

Na nemi abin da zan faɗa masa na rasa. Duk labarin da na rene 'ya'yana da shi, na mutumin da bai taɓa zama bayan kowa ba ne. Sai na ba shi naka, tun daga burodi har fenareti, har komawa benci. Na gaya masa na mutumin da ya bi shaguna da leda. Yana jin Hausa fiye da yadda yake mayarwa. Da na gama, ya shige ɗaki.

Da safen nan na leƙa baranda. Safar hannunsa na rataye a inuwa, a wanke, yatsun suna kallon ƙasa, yadda ka koya mana don kada rana ta fasa su. Ban taɓa nuna masa ba, a labarin ya tsinta.

Ranar Juma'a suna da wasa bayan la'asar. Mai yiwuwa ba zai taɓa ƙwallo ba. Zan bar wa yara shago, in je in nemi kujerar da ke bayan bencinsu, in zauna tare da shi har a tashi.

Allah ya sauƙaƙa maka tsufa, Kabtin, ya ba ka lafiya, ya haskaka zuciyarka, ya saka wa 'yarka da alheri. In sunana ya ɓace maka, ba laifi. A ce maka golan nan na biyu ya dawo.

Naka har kullum,
Amisu