Na Shayar da Taubashina Aikinsa a Shayi

Gwaggo Mansoura, ki taimake ni, dangi sun juya mini baya a kan wasa.

Ƙanƙara nake sayarwa a unguwar Gurda, nan Sabha. Abdoulkadri ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna Maradi nake tsokanarsa. Shi boko, ni allo. Ya zo Sabha da gurbin karatun da ake ba 'yan Afirka, yana neman sababbin magunguna. Da kuran, wato lantarki, ya ɗauke a wurin bincikensu, ya kawo ƙananan kwalabe uku in ajiye masa a firigona. Ya tsaya yi mini bayani kamar ni jaki ne: wai zaren DNA ke jawo sinadarai biyu su haɗu, sannan ya zauna jikinsu kamar rubutun suna, har dubbai a ɗigo ɗaya. Wai shekara biyu yana haɗa su.

To ni abin da na sani, rubutu in ya zama ruwa sha ake yi. Ranar Juma'a a fada, majalisarmu ta shan shayi, na juye su a kofin shayinsa. Ya shanye, har ya yaba. Sannan na ce masa barka, ilimi ya shiga ciki. Wallahi kowa ya yi dariya. Shi ko ya zauna a ƙasa yana kuka, ƙato da gilashi.

Ko ciwon ciki bai yi ba. Yanzu malaminsa ya ƙi yarda da labarin, yana zargin sayarwa ya yi, zai kore shi. Kawu ya daina amsa gaisuwata. Yaya zan sa su gane wasan taubasai ne?

Mai Ƙanƙara, Gurda

Ɗana,

Na yarda ya yi maka magana da raini, kuma taubashi yana da haƙƙin tsokana. Amma a wasan taubasai hula ake ɗauka a mayar. Me za ka mayar masa? Firigo nawa ne a Gurda, ya zaɓi naka. Amana ya kawo. Ba ka ma san ko dafi ne ba ka ba shi.

Bar maganar kawu tukuna. Gobe ka je wurin malamin da mutum biyu daga cikin masu dariyar, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, a wanke Abdoulkadri daga zargi. Kada ka roƙi taubashin naka yafiya a bainar jama'a, tilasta shi ne. In ya ƙi ganinka shekara biyu, ka ƙirga su da kyau, ka san tsawonsu.

Allah ya ba shi haƙuri, kai kuma ya ba ka kunya.

Gwaggo Mansoura