Shayin Baba da Ƙwayar Mma

Nima, Accra
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Yaya Awabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da su Jalilu. Yaya Kumasi?

Jikin Mma ne ya sa na ɗauki biro. Cikin ya tsufa, amma ta yi fari fat, in ta ɗauko bokiti daga famfo sai ta tsaya tana haki. A asibiti, Anti Lamisi mai duba masu ciki ta ja fatar idonta, ta ce jini bai ƙaru ba, kuma haihuwa a haka akwai haɗari. Ta yi ta faɗa, wai Mma ba ta shan ƙwayar ƙarin jini. Ni kuwa shaida ce tana sha. Kullum kafin Baba ya fita wurin teburinsa na sayar da shayi a bakin titi, sai ya haɗa mata kofin farko, mai kauri, ya tsaya har ta haɗiye ƙwayar da shi. Kin san shi, bakinsa bai iya sannu ba, sai dai ya miƙo shayi.

Jiya na daure na tambayi Madam Zelia, malamarmu ta kimiyya. Ta ce sinadarin ƙarfe ne a ƙwayar. Yakan ratsa hanji ya shiga jiki, ɓargo ya ɗauke shi ya yi sabon jini. To amma akwai wani abu a ganyen shayi da ke kama ƙarfen tun a ciki, su fita tare a bayan gida. Lemu kuwa taimaka masa yake yi.

Yaya zan yi in gaya wa Baba? Mma ta ce gara ta sha faɗan asibiti da ta mayar masa da kofi. Ni kuma ko izinin zuwa kasuwa ta bakinta nake nema. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Damata

*

Nima, Accra
24 ga Afrilu, 1987

Yaya Awabu,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan ciwon kunnen Jalilu ya warke. Na ga amsarki, kin ce in buɗe baki kawai. Na gwada, ya ƙi buɗuwa.

Sai Madam Zelia ta koya mini wata dabara. Ranar Asabar na je teburin Baba, direbobin trotro, motocin haya, sun cika benci. Na roƙi shayi ba madara a kofin gilashi, na murƙushe ƙwayar Mma guda na zuba. Nan take shayin ya koma baƙi kamar tawada. Wani direba, Moro, ya ce, "Kai, Osumanu, 'yarka ta fara rubutun sha!" Kowa ya yi dariya ban da Baba. Na yi masa bayani idona a ƙasa. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya tambaya a hankali, "Duk watannin nan?" Na ce ai ba wanda ya sani. Sai da na isa gida na yi kuka.

Washegari ya shigo da lemu a aljihun rigarsa. Bai iya ferewa ba, rabin ruwan a hannunsa yake ƙarewa, Mma na cewa a kira mai tallan lemu ta koya masa. Shayin ya koma bayan la'asar, lokacin da ƙwayar ta riga ta wuce.

Sabon jini ba ya sauri, mun yi makonni ba mu ga komai ba. Amma jiya a wurin awo Anti Lamisi ta sake jan fatar idon Mma, ta ce ja ya fara dawowa, in aka ci gaba haka hankalinta ya kwanta da haihuwar. Da muka fito sai ga Baba a bakin ƙofar asibiti, ya bar teburin da rana tsaka. Bai tambayi Mma ba, ni ya kalla ya ce, "Likita, yaya?" Na ce masa jini ya ƙaru, da ƙarfi, har mutane suka waiwayo.

Mma na gaishe ki, ta ce ki fara shirin zuwa suna.

Taki har kullum,
Damata